Trello, Notion, Asana ko Keep: wanne ne zai iya riƙe aikin mutane da yawa?

Duk wanda ya taɓa haɗa aiki da mutum biyar ko shida a guruf ɗin WhatsApp ya san yadda abin yake ƙarewa. A yi magana da safe, kowa ya turo alamar babban yatsa, zuwa la'asar saƙon ya nutse ƙarƙashin gaisuwar Juma'a da hoton sabon jariri da saƙon murya mai minti bakwai wanda ba wanda ya saurara har ƙarshe, ranar da mai kaya ya zo karɓar kayansa sai a fara kallon kallo, "ai na ɗauka kai za ka yi". Wannan "na ɗauka" ɗin ita ce ta sa muka shiga neman manhajar da za ta riƙe mana aiki a wajenmu. Mu ƙaramin wajen zane da ɗab'i ne, katin biki, kalanda, fasta, riguna masu rubutu, akwai mai karɓar oda, masu zane, mai inji, da yaron da ke kai kaya a babur. To abin da na gani game da manhajojin nan shi zan faɗa, ba wanda ya biya ni ko sisi.

Abu na farko da mutane ke cakuɗawa, manhajar rubutu daban manhajar bin aiki daban. Google Keep, Evernote, OneNote, Obsidian, waɗannan na ajiye abin da aka faɗa ne ko abin da ya faɗo maka a rai. Trello, Asana, ClickUp kuma aikinsu su amsa tambaya biyu, wa zai yi, kuma yaushe zai gama. Notion ita ce ke cewa ita duka biyun za ta iya, zan zo kanta don ita ce mai dogon zance.

Keep dai ba ta da wani kwarjini amma gaskiya ina ganin mutuncinta. Google suka fitar da ita a 2013, kuma in kana da Gmail to kana da ita, wayoyin Android da yawa ma da ita suke zuwa. Tana buɗewa nan take ko a ƙaramar wayar da ta sha jiki, tana aiki ba data, in netwok ya dawo ta haɗa kanta. Za ka iya yin lis mai akwatin da ake dannawa in an gama abu, ka saka imel ɗin abokin aiki ku riƙa gani tare, ka ɗauki hoton rasit ta ciro maka rubutun da ke jiki. Lis ɗin sayayya kamar takarda, tawada, leda, man janareta, har gobe a Keep muke yi. Amma iyakarta kenan fa. Ba yadda za ka ɗora wa wani aiki a ce nasa ne, ba wajen yin sharhi a ƙarƙashin aiki, in rubutun ya yi yawa sai ta zama tarin 'yan takardu masu kala-kala kana ta ja sama da ƙasa.

Evernote kuwa ba zan daɗe a kanta ba. A da ita ce sarauniya, duk mai son ya nuna shi ɗan zamani ne sai ka ga koren giwar nan a wayarsa. Wani kamfanin Italiya, Bending Spoons, ya saye ta, cinikin ya kammala a farkon 2023, kafin shekarar ta ƙare suka rage tsarin kyauta zuwa rubutu 50 da littafi ɗaya tak. Rubutu hamsin ai mu ba za mu yi wata da shi ba. In za ka biya tana da kyau wajen bincike da ajiye takardu, in ba za ka biya ba ka wuce kawai. OneNote ta Microsoft ta fi ta sakin hannu, kyauta ce, tsarinta na littafi da sashe da shafi ne kamar fayil ɗin ofis, malaman makaranta da masu rubuta bayanan mitin za su ji daɗinta musamman a laftof. Obsidian kuma ta masu son kaɗaici ce, rubutunka yana zaune a cikin na'urarka ba a wajen kowa ba, ba ruwanta da intanet, ga mai bincike ko marubuci ba laifi amma ka ce za ka haɗa mutum shida a kanta kowa da wayarsa, wahala za ka saya da kuɗinka.

Yanzu Trello, wadda a kanta muka tsaya. Ta fito a 2011, kamfanin Atlassian ya saye ta a 2017 kan dala miliyan 425, kuma dabarar da ke cikinta ba ma tasu ba ce, tsarin kanban ne da kamfanin motoci na Toyota a Japan ya daɗe yana amfani da shi a masana'antarsa, kati yana bin aiki daga mataki zuwa mataki. Allo ne kawai da layuka a tsaye, kowane aiki kati ɗaya. Namu layukan su ne: sabuwar oda, ana zane, jiran mai kaya ya gani, ana bugawa, an kai, saura kuɗi. Misali mutum ya zo yana son katin ɗaurin aure guda 300 a kai masa ranar Alhamis. Mai karɓar oda ta buɗe kati, ta rubuta sunayen ango da amarya yadda ya faɗa harafi-harafi, ta ɗora hoton samfurin da ya zaɓa, ta sa ranar Laraba a matsayin wa'adi don a bar kwana ɗaya na ko-ta-kwana saboda wuta, ta maƙala fuskar mai zane a jiki. Shi kuma in ya gama ya ja katin da yatsa zuwa layi na gaba. Shikenan. Ni ina gida ko ina kasuwar sayen takarda in na buɗe waya na ga kati huɗu sun taru a "jiran mai kaya ya gani" na san matsalar ba ta masu zane ba ce, kira ake buƙata a yi.

Layin ƙarshen nan, "saura kuɗi", wallahi shi kaɗai ya isa dalilin amfani da ita. Da can ana kai kaya a ce "zan turo anjima" sai maganar ta bi iska, kowa yana jin nauyin tambaya musamman in babban mutum ne ko ɗan unguwa. Yanzu katin yana nan zaune yana kallon kowa, ba ya tashi sai an ga alat.

Abin da ya sa ta yi nasara a wajenmu ba wai ta fi sauran iya aiki ba ne, ba ta fi su ba. Mai injinmu dattijo ne, turancinsa daidai gwargwado, waya ma don kira da sauraron labarai ya riƙe ta, amma ja kati daga nan zuwa can bai buƙaci darasi ba, sau ɗaya aka nuna masa. Babu ɗaya daga cikin manyan manhajojin nan uku, Trello da Asana da Notion, da ke da Hausa a maɓallanta, don haka wadda ta fi ƙarancin rubutu a fuska ita ce ta fi sauƙin shiga hannu. Sunayen layuka da katuna kuwa da Hausa muke rubuta abinmu. Sai dai ku daidaita tun farko, in wani ya rubuta "kuɗi" da ƙugiya wani ya rubuta "kudi" haka nan, sau da yawa in ka zo bincike ɗaya za ta fito ta bar ɗaya.

Tana da nata iyakokin. Tsarin kyauta allo 10 ne a kowane wajen aiki, wato sashen da tawaga ta buɗe wa kanta a cikin manhajar, kuma tun 2024 suka taƙaita yawan mutane zuwa 10, fayil kuma kada ya wuce MB 10, wanda ga masu zane wannan ba komai ba ne, babban fayil ɗin fasta ba zai shiga ba sai dai a ɗora a Google Drive a manna linki. Sannan ba wajen dogon rubutu ba ce ko kaɗan. In katuna suka kai ɗari a allo ɗaya kuma ba mai kwashe waɗanda aka gama, allon zai koma kamar guruf ɗin da kuka gudo daga gare shi.

Asana ta fi Trello tsari da tsanani. Dustin Moskovitz, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Facebook, shi da Justin Rosenstein suka fara ta a 2008, kuma kana gani ka san mutanen babban ofis ne suka yi ta don babban ofis. Abu ɗaya da ya burge ni sosai, kowane aiki mutum ɗaya kawai ake ɗora wa, ba biyu ba. Wasu na ganin takura ce, ni kuwa na ga hikima, don a Trello kana iya maƙala mutum uku a kati ɗaya kuma da zarar ka yi haka "na ɗauka kai za ka yi" ta dawo ta taga. Kowa yana da shafin ayyukansa na yau da na gobe, babban aiki ana farfasa shi ƙanana. Ƙungiyar da ke gudanar da shiri mai matakai, a ce horaswa a ƙananan hukumomi da dama, ga rahoton da za a tura wa masu ba da tallafi a ƙarshen wata, su Asana ta dace da su. Amma abubuwan da suka sa ta zama Asana, jadawalin lokaci da tsarin "wannan ba zai fara ba sai an gama wancan", suna bayan katangar biya. Ga yawan imel na sanarwa in ba ka shiga ka rage ba. ClickUp ma irin layin nan ne sai dai ta fi kowa tara kaya, komai akwai, har abin da ba ka nema ba, wanda bai saba ba zai buɗe ya rufe.

To Notion. Ni kaina ina sonta, ba zan ɓoye ba. Ivan Zhao da abokan aikinsa a San Francisco suka gina ta, ta fara fitowa a 2016 amma sai bayan sabon zubin 2018 ta yi tashe. Komai a cikinta bulo ne, layin rubutu, hoto, tebur, lis, kai za ka jera yadda kake so. Za ka iya yin tebur ɗin oda, ka danna ya koma allo irin na Trello, ka sake danna ya koma kalanda, duk bayani ɗaya ne. Ka yi shafin farashi, shafin yadda ake haɗa kala, shafin lambobin masu kawo takarda, sabon yaro ya zo ka ce je ka karanta. A nan kam ba ta da abokiyar karawa. Matsalar ita ce fili take ba ka ba gida ba, kuma a kowace tawaga akan samu mutum ɗaya da zai kwana yana gini yana ƙawata shafuka da 'yan hotuna, sauran kuma ba su san ta ina ake shiga ba. Na ga waɗanda suka shafe makonni suna tsara Notion aikin da aka buɗe ta dominsa yana jira. A waya ma manyan teburan nan ba daɗin dubawa, don laftof aka yi su. Shekara da shekaru kuma sai da intanet take aiki sosai, sai a 2025 suka kawo damar aiki ba data, shi ma a tsarin kyauta sai ka riga ka zaɓi shafukan da za a sauke maka. Tsarin kyauta ga mutum ɗaya yana da yalwa, kana iya gayyato baƙi 10, fayil MB 5, tarihin gyara na kwana 7, amma da zarar kun zama membobi fiye da ɗaya a wajen aiki guda akwai iyakar bulon da za ku iya sakawa kafin a ce ku biya. Yanzu ni kaɗai nake rubutu a cikinta, sauran karantawa kawai suke yi ta linki, hakan ya fi zama lafiya.

Maganar biya kuwa a yi lissafi da kyau, don dukkansu a kan kowane mutum ɗaya suke caji a wata kuma da dala. Ƙaramin tsarin Trello wajen dala 5 ne, na Notion da Asana dala 10 ko sama da haka kaɗan. Ku takwas a dala 10 dala 80 kenan duk wata, a lokacin da dala ta haura naira 1,500 a 2024 wannan ya kai naira 120,000, albashin ma'aikaci guda har da canji. Ga kuɗin data da ya ƙaru bayan hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a farkon 2025, ga fama da katin banki da wani lokaci ya ƙi biyan kuɗin waje. Shi ya sa ban ga laifin wanda ya tsaya a kyauta ba, kuma lissafin kuɗi ma mu a Google Sheets muke yi, ba wadda ta kai ta a wannan fannin cikin duk waɗanda na ambata.

WhatsApp dai ba ta tafi ko'ina ba kuma kar wanda ya yaudare ka cewa za ta tafi, masu kaya can suke turo oda, can suke turo gyara da tsakar dare, "a ƙara Alhaji a gaban sunan baban amarya". Dokar da muka kafa ita ce duk abin da ya shigo ta can wanda ya karɓa shi zai mayar da shi kan kati a lokacin, in ba ya kan kati ba a yi maganar ba. Makonnin farko sai da aka yi ta tuni har da ɗan ɓacin rai, musamman yaron babur da ke cewa datarsa ta ƙare alhali muna ganinsa a sitatus.

Sai wani abu da ba a cika faɗa ba, kowacce za ku buɗe ku buɗe ta da imel ɗin wajen aiki, wanda maigida ke riƙe da kalmar sirrinsa, ba imel ɗin wani ma'aikaci ba don kawai shi ya iya kwamfuta. Yara suna tashi, wani ya samu gurbin karatu wani ya buɗe nasa shagon, in allon da sunansa yake to sai kun bi shi kuna roƙo kafin ku ga odar mutane da bashin da kuke bi.