Sharhi Kan Stockfish 11 da Rumbun Dakarunsa

Duk mai son rubuta manhajar darar chess da hannunsa, ina ba shi shawara ya sauke Stockfish 11, injin buga chess wanda ya fito a Janairun 2020, ya karanta shi a tsanake kafin ya taɓa sababbin fitowa. Manhajar kyauta ce, an rubuta ta da harshen kwamfuta na C++, kuma asalinta injin Glaurung ne na Tord Romstad, wanda Marco Costalba ya ɗora a kansa a 2008.

Abin da ya fi burge ni a cikinta shi ne fayil ɗin pawns.cpp. Dakaru, wato ƙananan ƴaƴan da ke sahun gaba, ba su cika motsi ba, kuma ba sa komawa baya, saboda haka injin da ke duba miliyoyin matsayi a daƙiƙa ɗaya yakan tarar da jeri iri ɗaya sau da yawa. Maimakon ya sake lissafa wane dakare ne ba shi da maƙwabci, waɗanne biyu ne suka hau layi ɗaya, wane ne kuma hanya ta buɗe masa, sai ya yi lissafin sau ɗaya ya zuba a rumbu. Mabuɗin rumbun lamba ce ta Zobrist, dabarar da Albert Zobrist ya bayyana a 1970, amma a nan daga dakaru kaɗai ake haɗa ta, don haka tafiyar doki ko sarauniya ba ta canza ta sai idan an ci dakare. In mabuɗi ya dace, a ɗauki amsa. In bai dace ba, a lissafa sabuwa a rubuta a kan tsohuwar. Kowane zaren bincike, wato sashen injin da ke bincike lokaci guda da sauran, yana da rumbunsa, abin da ya kawar da rigimar masu rubutu biyu a wuri ɗaya.

Inda na sha wahala shi ne lissafin garkuwar sarki, wato kariyar da dakaru ke ba shi. An ajiye shi a rumbun nan, alhali ya dogara da gidan da sarki yake da kuma damar musanyarsa da hasumiya, don haka sai da aka ƙara wani gwaji a kai. Dabarar tana aiki, sai dai bayanin da ke jikin rubutun ya yi kaɗan ga mai koyo, kuma jadawalin makin ba ya faɗin dalilin kowace lamba, domin gwajin wasanni ne ya tace su.

A sani cewa Stockfish 12 ya kawo NNUE, sabon ma'aunin matsayi mai amfani da ƙirƙirarriyar basira, a Satumbar 2020, daga baya kuma aka cire tsohon ma'aunin gaba ɗaya, har da wannan fayil. Wanda ƙarfin wasa kawai yake nema, sabuwar fitowa ta fi masa. Ni da nake gina ƙaramin injina, a kan ta 11 nake aiki har yanzu.