Bargar hanyar Kware da ke shirya doki don doguwar tafiya

Duk wanda yake son dokinsa ya iya doguwar tafiya, ba sukuwar ranar hawan Sallah kaɗai ba, ina ba shi shawarar wata barga da ke bayan garin Sakkwato a hanyar Kware. Dattijon da ke riƙe da ita ba ya karɓar doki sai ya duba shi da kansa.

Biyu na kai masa: wani ƙaton ɗan Sudan, da wani akawal, wato baƙin doki, ɗan Arewa mai siririn jiki. Ya bi ƙafafunsu da hannu tun daga gwiwa har kofato, ya sa yaro ya zagaya da su da sassarfa, sannan ya dafa ƙirjin kowanne ta hagu yana ƙirga bugun zuciya. Ya ce, "Alhaji, wanga babba na kwalliya na. Ƙaramin shi ka kai ka Gwadabawa ya maido ka."

Na yarda da hujjarsa. Doki mai nauyin tsoka yana saurin ɗaukar zafi, kuma yana daɗewa bai huce ba, balle a bazarar Sakkwato da zafi ke wuce digiri 40. Shi ya sa a manyan gasannin duniya, inda ake cin kilomita 160 a yini guda, dawakin Larabawa ne suka fi yawa: jiki ba nauyi, fata ba kauri. A can likita ba ya barin doki ya ci gaba sai bugun zuciyarsa ya sauko zuwa 64 a minti. Namu na Arewa, masu jinin dawakin Barbar na arewacin Afirka, ba su kai su gudu ba, amma akwai haƙurin ƙishirwa da ƙarfin kofato.

Horon dattijon ba gaggawa. Kilisa da asuba, tafiya da sassarfa a kan rairayi, ana ƙara nisa kaɗan-kaɗan. Yakan ce numfashi yana gyaruwa cikin 'yan watanni, amma jijiya da ƙashi sai sun haura shekara, kuma a tsakanin nan ne masu garaje ke gurgunta doki. Ya rage wa akawal gero, ya ƙara harawa, ga kanwa da gishiri saboda gumi. In sun dawo sai ya tsunkuli fatar wuya; idan ba ta koma nan take ba, ruwa ya yi ƙaranci. Yanzu dokin yana dawowa ya sa baki a harawa ba tare da haki ba.

Inda na ga gazawa shi ne rumfa: ba ta ishi dukan dawakin ba, wasu na turke cikin rana har azahar, na kuma faɗa masa. Likitan dabbobi kai za ka nemo naka. Kuɗin dattijon ba sauƙi, kuma ba ya karɓar dokin da ake son a gyara cikin wata guda kafin Sallah.