Kan tirelar da na karɓa a tsarin biya kaɗan-kaɗan, tauraro 3 na ba su

Salamu alaikum 'yan uwa direbobi. Tun da na ajiye aikin albashi na karɓi mota a tsarin nan na ja-ka-biya ake ta tambayata wai ya ake ciki, an huta ko, to bari in faɗa sau ɗaya kowa ya ji. Ba zan kama sunan kamfanin ba don har yanzu ina hannunsu.

Motar dai ba laifi gaskiya. Ba sabuwa ba ce amma injin lafiya lau, ba ta shan baƙin mai, giya na shiga sumul, kuma sai da suka yi mata sabis kafin su miƙo makulli. Lodi ma ba ya yankewa tunda su ke nemo shi. Nan kam na yaba musu.

Inda gizo ke saƙar shi ne ranar da ka sa hannu duk wata wahalar mai mota ta dawo kanka, amma ikon mai mota bai zo ba tukuna. Da ina direban kamfani in taya ta fashe waya kawai zan buga in nemi inuwa in kwanta, yanzu kuwa taya 22 ne a ƙarƙashina, 10 a kan motar 12 a bodi, kuma kowacce in ta yi ƙara a ƙirjina nake jin ta. Ga gas, mota da cikakken lodi tana shan wajen lita 30 zuwa 40 a kilomita 100, in ka sauke ka dawo fanko kai ka sayi man kuma ba wanda zai biya ka ko sisi. Juyen baƙin mai kaɗai ya haura lita 30, ban da filtoci, ban da inshora da takardu da yaron mota. Sai yanzu na gane me ya sa maigidana na da yake ta faɗa a kan gudu da taka birki ba dalili, Allah Ya yafe min zagin da na yi masa a zuci.

Abin da ya fi ci min rai shi ne cirar kuɗinsu ba ta san mota ta kwana a gareji ba. Akwai lokacin da tobo ɗina, wato na'urar da ke ƙara wa inji ƙarfi, ya lalace a hanya, na biya janwe, na biya bakanike, mota ta fi sati a tsaye ana jiran kayan gyara, amma da ranar biya ta zo suka cire nasu cif kamar ba abin da ya faru, da na yi magana aka nuna min layin da ni da kaina na sa wa hannu. Kuma sunansu ne a takardun mota har sai ka gama biya, sun sa tiraka suna ganin duk inda ka tsaya, lodin waje ko ya fi tsoka ba ka isa ka ɗauka ba sai da izininsu. Kuɗin lodin ma wani lokaci sai an yi makonni kafin ya shigo, alhali gidan mai ba ya jira.

Ban ce na yi nadama ba fa. Watan da mota ba ta yi ciwo ba abin da ke saura a hannuna ya fi albashin da nesa ba kusa ba, kuma akwai wani daɗi in ka san kowane biya da ka yi yana matso da ita gidanka.

Amma ɗan uwa in ba ka da ajiyar da za ta iya ɗaukar gyaran inji da biyan wata biyu a tare, ka zauna a kamfaninka ka ci albashi da alawus ka ci gaba da tari tukuna. In kuma ka nace, ka kai wa wanda ya san doka takardar ya karanta maka, musamman wajen da ya ce me zai faru da abin da ka riga ka biya in ka gaza sau biyu ko uku, kuma ka je da bakanikenka kafin ka karɓi makulli. Ni na je da bakanike amma ban kai takarda ba. Sati mai zuwa tayoyin gaba zan canza in Allah Ya yarda, in kuɗin lodin ya shigo kenan.