Waken SAMPEA 20-T da Waken Gida: Ina Bambancin Yake Ga Manomi?

Wani ɗan'uwa a cikin wannan zaure ya ce an kawo masa irin waken nan da aka sauya wa ƙwayoyin halitta, wato SAMPEA 20-T, kuma ya rasa wanda zai bi, domin malamin gona ya yaba masa shi, wasu kuma sun ce masa guba ne da zai kashe ƙasa. Tambayarsa ita ce ko ya shuka shi a daminar bana ko ya tsaya kan Kanannadon da ya gada. Malam, ga yadda nake ganin su biyun idan an jera su.

Da farko ya kamata a san abin da aka sauya ɗin, domin abu ɗaya ne tak. Masana a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, tare da gidauniyar AATF mai tallafa wa fasahar noma a Afirka da masu bincike na Ostireliya, sun sanya wa wake wani ɓangare na halittar ƙwayar cutar ƙasa da ake kira Bt, wanda ke sa ganye da fure su samar da sinadarin da ke kashe tsutsar Maruka. Wannan tsutsa ita ce mai shiga fure da kwanso tana cinyewa daga ciki, inda feshi ba ya isa gare ta sosai. Hukumar NBMA, mai sa ido kan irin da aka sauya wa ƙwayoyin halitta a Najeriya, ta amince da sabon irin a farkon 2019, aka kuma sake shi ga manoma a ƙarshen wannan shekarar. Saboda haka a fagen Maruka babu gasa: sabon irin ya fi na gida nesa ba kusa ba, kuma waɗanda suka samar da shi sun ce feshi biyu ya isa a maimakon shida zuwa takwas. Duk wanda ya taɓa goya famfon feshi da rana tsaka, babu takunkumi babu safar hannu, ya san cewa wannan ragi ba na kuɗi kaɗai ba ne.

Sai dai fa feshi biyun nan ba ado ba ne. Darɓa da ƙananan ƙwarin da ke kaɗe fure da masu tsotse kwanso duk suna cin sabon irin kamar yadda suke cin tsohon, kuma da zarar an kai shi rumbu, ƙwaron ajiya ba ya bambance su. Idan ba a manta ba, abin da ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015 shi ne yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa, kuma wannan matsala ta fi alaƙa da yadda ake adana shi. Maganinta buhu mai ruɓi uku ne, ko wane iri ka shuka.

Inda Kanannado ya yi zarra shi ne harawa, kuma a nan nake ganin masu tallan sabon iri suna wucewa da sauri. Waken gida yana yaɗo, yana zama lafiya a tsakanin kunyoyin gero da dawa, yana jiran ƙarshen damina kafin ya yi fure, sannan ya bar wa mai gona abin da tumaki da shanu za su ci har bazara. SAMPEA 20-T kuwa gajeren zango ne, yana nuna cikin wata biyu da rabi ko kusa da haka, ya fi dacewa a ba shi fili shi kaɗai, kuma ƙarfinsa a ƙwaya yake. Manomin da rabin ribarsa ke cikin ragunan layya ba lissafi ɗaya yake yi da wanda zai kai buhuna Dawanau ba. Haka nan girman ƙwaya da launinta suna da farashi, domin masu ƙosai da alale sun san abin da suke nema.

Batun iri shi ne ya fi tayar da ƙura, kuma an cakuɗa gaskiya da jita-jita a cikinsa. Ba gaskiya ba ne cewa irin ba ya sake tsirowa. Wake yana yi wa kansa barbara, kuma abin da ka girbe zai fito idan ka mayar da shi ƙasa. Damuwar da ke da tushe ita ce ta dogaro: idan kowa a ƙauye ya watsar da irinsa ya koma saye, ranar da farashi ya tashi ko jabu ya cika kasuwa, ba shi da wurin komawa. Ƙungiyoyin kare muhalli irin su HOMEF sun daɗe suna faɗin haka, kuma Majalisar Wakilai ta nemi a yi bincike kan irin waɗannan amfanin gona a 2024, shekarar da aka saki masarar TELA, wadda ita ma aka sauya wa ƙwayoyin halitta. Burkina Faso ma darasi ce, domin ta rungumi audugar Bt a 2008, ta kuma bar ta a 2016 saboda zarenta ya gajarce, kamfanoni suka yi asara, duk da cewa ta rage wa manoma feshi. A Indiya kuwa tsutsar auduga ta saba da sinadarin bayan wasu shekaru, abin da ya sa ake so a riƙa barin wake na yau da kullum a kusa da na Bt.

Game da lafiya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce irin waɗannan abinci da ke kasuwa sun tsallake gwaji kuma ba a ga cutarwarsu ba. Ni abin da na fi ƙorafi a kai shi ne mai saye a tiya ba ya sanin wanne ya auna, alhali haƙƙinsa ne ya sani.

Da gonata ce, Malam, zan ware kashi ɗaya cikin huɗu in shuka sabon irin daga dillali mai rajista, in bar sauran ga Kanannado, in rubuta kuɗin feshi da yawan buhuna da damman harawa na kowane ɓangare, sannan in ware irin gidan a buhunsa daban tun daga masussuka.