ST-Link ɗin jabu: ƙafar RST ɗinta ado ce kawai

Wata biyu ke nan ina aiki da 'yar ST-Link V2 mai gidan alminiyam, na'urar loda manhaja da farautar kurakurai a guntun sarrafawa (microcontroller) na STM32, irin wadda ɗalibai ke rububi a Yelwa lokacin furojet. Kowa ya san ba ta asali ba ce, kuɗinta ma ya isa shaida. Da farko ban ga aibunta ba. Waya huɗu ce zuwa allon STM32F103: SWDIO da SWCLK na sadarwa, GND da 3.3V na wuta. Ka tayar da OpenOCD, manhajar da ke magana da na'urar daga kwamfuta, GDB mai farautar kurakurai ya shiga ta tashar 3333, ka dasa wuraren tsayar da manhaja har shida, ka leƙa rajista son ranka.

Asirinta ya tonu ne ranar da manhajar cikin guntun ta ƙwace PA13 da PA14, wato ƙafafun SWDIO da SWCLK. Duk wanda ya bar saitin SYS a kan No Debug cikin CubeMX, manhajar tsara saitin guntun, zai gamu da wannan: lodin farko ya wuce lafiya, na biyu kuma kamar babu allo a duniya. Maganinsa shi ne na'urar ta riƙe NRST, ƙafar riset ta guntun, a ƙasa, ta kama guntun kafin ya tashi. To, ƙafar da aka rubuta wa RST a jikinta ta STM8 ce, wani jinsin guntu daban, ba ruwanta da STM32. Na sa mita a kai, ko motsi ba ta yi. Mai shagon kuwa rantsuwa ya yi wai komai na aiki. Allah ya isa dai!

Abin da ya fisshe ni: mayar da jamfar BOOT0, mai zaɓar inda guntun zai tashi, zuwa 1, danna riset, goge filash, ma'ajiyar manhajar guntun, gaba ɗaya, gyara SYS zuwa Serial Wire, sannan a dawo da jamfar 0. Ana iya danne maɓallin riset da yatsa a sake shi daidai lokacin haɗawa, amma sai an yi ta gwadawa.

Har na huce, sai na tuna SWO, ƙafar karɓar saƙonnin bibiya daga guntun, ita ma masu ƙera na'urar ba su fito da ita ba. Jerin ƙafafun kuma yana bambanta daga wannan zuwa waccan, don haka a bi zanen jikinta. Idan haɗin yana tsinkewa, a rage gudu zuwa 1000 kHz, wayoyin kada su wuce santimita 15. In allon na shan wuta daga nasa USB ɗin, a cire wayar 3.3V.

Don loda manhaja kawai, ta wadatar. Tauraro biyu na ba ta, har yanzu haushin RST ɗin nan bai sake ni ba.