Tayar zafi ko ta kowane yanayi: na gwada duka biyun a mota ɗaya

Tsoron ruwan sama ne ya sa na cire tayoyin lokacin zafi daga motata na sa na kowane yanayi. Sai da na yi wata huɗu a kansu kafin na gane sunan ne ya ruɗe ni.

Motar da ƙafar baya take ja, injinta na da ƙarfi, kuma ita nake hawa kullum zuwa aiki. Da tayoyin zafi ta zo, masu lambar girma 225/40 R19 a gaba, 255/35 R19 a baya. Da na bayan suka suɗe har suka taɓo ɗan tudun nan da ke cikin ramin zane, mai nuna saura milimita 1.6, sai na ce bari in sayi wadda za ta ɗauke ni rani da damina in huta.

A sitiyari na fara jin bambanci, tun ranar farko. Akwai wani shataletale da nake bi kowace safiya, na san shi kamar yunwar cikina. A da, ina karkata hannu hancin motar ke bi, babu jira. Da sababbin tayoyin sai na ji wani ɗan jinkiri, kamar motar na shawara kafin ta amsa. Na duba iska, na kai an duba saitin ƙafa, komai daidai. Bakanike ne ya durƙusa ya sa babban yatsa ya danna zanen tayar, ya ce, "Yallaɓai, duba nan." Sai ga ƙananan tsaga birjik a jikin kowane dunƙule, suna buɗewa suna rufewa. Su ne ke cizon ƙasa idan akwai sanyi ko ƙanƙara, su ne kuma ke sa zanen ya lanƙwashe a kwana. Tayar zafi manyan dunƙule gare ta a kafaɗa, tsagarta kaɗan ce, shi ya sa take tsayawa cak.

Wannan zan iya haƙuri da shi. Abin da ya dame ni shi ne birki cikin ruwa, wato ainihin dalilin da ya sa na yi canjin. Wata yamma ana yayyafi, gari da ɗumi, na gabana ya tsaya kwatsam a danja. Na taka birki da ƙarfi, nan take ABS, na'urar da ke hana ƙafafun mota ƙamewa idan an taka birki, ya hau karkarwa a ƙarƙashin ƙafata, a gudun da na tabbata tsofaffin tayoyina da sun riƙe kwalta shiru. Na tsaya lafiya, amma tazarar da ta rage ba ta yi mini daɗi ba. Ashe tayar zafi ba tayar busasshiyar hanya kaɗai ba ce. Tana da manyan ramuka masu korar ruwa, robarta kuma mai laushi ce da ke manne wa jiƙaƙƙiyar kwalta muddin da ɗumi. Mai kyau a cikinsu ta fi ta kowane yanayi tsayawa, ko a bushe ko a jiƙe.

Sanyi ne ke raba gardama. Masu ƙera taya kan sa iyakar a wajen digiri 7 na ma'aunin Salshiyos. Ƙasa da haka robar tayar zafi takan sandare, riƙonta ya ragu, idan kuma sanyin ya kai na daskarar da ruwa tana iya tsattsagewa. Na ɗanɗana wannan da tsofaffin tayoyina wata asuba da allon mota ya nuna digiri 3: na ɗan taɓa totur zan hau babban titi, bayan motar ya yi gefe, fitilar santsi ta hau ƙiftawa. A irin wannan safiyar sababbin ba su taɓa ba ni tsoro ba, ko sau ɗaya. A nan kam na yaba musu ƙwarai. Sai dai kada a ɗauke su tayoyin dusar ƙanƙara. Alamar M+S da ke gefensu, mai nufin laka da dusar ƙanƙara, a kan fasalin zane ake ba da ita. Tayar da aka gwada cikin dusar ƙanƙara ita ce mai hoton dutse mai kai uku da ƙwayar ƙanƙara a tsakiya.

Batun daɗewa ma na tayoyin kowane yanayi ne. Misali a fili yake a wajen kamfanin taya na Michelin: lambar jimiri, wadda yawanta ke nuna daɗewar taya kafin ta suɗe, da ke gefen Pilot Sport 4S, ta zafi, 300 ce, ta Pilot Sport All Season 4 kuwa 540. A Amurka garantin ta farko mil 30,000 ne, ta biyu 45,000. Mai mota irin tawa ya kula, idan girman gaba da na baya ya bambanta ba a iya musanya su, garantin na baya rabi yake komawa. Lambar jimirin kuma tsakanin tayoyin kamfani ɗaya take da amfani sosai, don kowa da yadda yake sa tasa.

Ga wanda gari ke yi wa sanyi ƙasa da digiri 7 wata da watanni, kuma saiti ɗaya zai iya riƙewa, ta kowane yanayi nake ba shi shawara ba tare da ɗar ba. Wanda kuwa bai san irin wannan sanyin ba, ina ganin asara ce ya sayi mota don ƙarfinta da iya kwanarta sannan ya rage mata riƙo saboda ƙanƙarar da ba zai taɓa gani ba.

Ni a tsakiya nake, sanyin namu wata uku ne. Don haka na nemi rim na hannu guda huɗu na mayar da na kowane yanayi a kansu, na sayi sababbin tayoyin zafi, bayan na duba lambobi huɗun ƙarshe na DOT, wato jerin lambar ƙira da ke gefen taya, masu nuna mako da shekarar da aka yi su. Ana sa su washegari na bi ta shataletalen nan, na karkata hannu, hancin motar ya bi nan take.