Kafin ka zaɓi hanyar duba abin da ya faru a Kubernetes

Kubernetes tsari ne da ke tafiyar da manhajoji a kan rukunin kwamfutoci, wato kulasta. Idan pod (ƙunshin da manhajarka ke gudana a ciki) ya ƙi tashi, kafin ka fara tonon log ɗin manhajar, fara duba bayanan da Kubernetes ke rubutawa da kansa kan abin da ya auku, waɗanda ake kira events. Hanyoyin ganinsu daga layin umarni suna da dama, amma ba duka suka cancanci hannunka ya saba da su ba.

Wadda kowa ke fara koya ita ce `kubectl get events` (kubectl shi ne abin da ake ba Kubernetes umarni da shi). Tana nan a kowace siga, sai dai tana zubo bayanan a cakuɗe, na minti biyu da ya wuce a tsakiyar na minti arba'in. Shi ya sa ake ƙara mata `--sort-by=.lastTimestamp`, don ta jera su bisa gurbin da ke ɗauke da lokacin da abu ya faru na ƙarshe. Ko da haka da sauran rina a kaba: wasu bayanan, irin waɗanda scheduler (sashen da ke zaɓa wa pod kwamfutar da zai gudana a kai) ke rubutawa, kan zo da wannan gurbin babu komai, sai su taru can sama kamar tsofaffi. Kai kana ƙasa kana nema, FailedScheduling ɗin (saƙon cewa ba a sama wa pod wuri ba) da ya hana ka barci yana sama yana jiranka.

Ni dai `kubectl events` nake ba mutum shawara ya riƙe. Ta shigo a siga 1.23 a matsayin gwaji, da sunan `kubectl alpha events`, ta koma sunanta na yanzu a 1.26. Tana jera bayanai daga tsoho zuwa sabo ba sai ka roƙe ta ba. Ka rubuta `kubectl events --for pod/web-1 --watch`, ka zauna kana kallon pod ɗaya tak yana faɗuwa yana tashi. `--types=Warning` kuma ya tace maka hayaniyar saƙonnin yau da kullum irin su Pulled da Started, ya bar masu ciwo kawai. In kubectl ɗinka ya tsufa, sabunta shi ya fi haddace dogon umarni sauƙi.

`kubectl describe pod` na da amfani in ka riga ka san pod ɗin da ba shi da lafiya. Bayanan suna ƙarshen shafin. K9s, manhajar duba kulasta daga layin umarni, kyauta ce, ka buga `:events` ka yi ta yawo da maɓallan kibiya, amma sai an girka ta, kuma ba a kowace saba (server) ake barinka ka girka abu ba.

Abin da ya kamata ka auna kafin duk wannan shi ne lokaci. Kubernetes na ajiye bayanan a etcd, rumbun bayanansa, na awa 1 kacal, sai in an sauya `--event-ttl` a kube-apiserver, sashen da ke karɓar umarnin kubectl, wanda galibi ba ya hannunka idan kamfanin girgije ne ke riƙe maka kulastar. Abin da ya lalace ƙarfe biyun dare, da safe duk huɗun nan za su ce maka ba su gani ba. Idan irin matsalarka ke nan, girka manhajar kubernetes-event-exporter ta riƙa kwashe bayanan zuwa wani rumbun adana bayanai irin Loki ko Elasticsearch, ka ware masa wurin ajiya tun yau.